Azumin da Muka Gai da Mai Tari

Azumin bana a tsakiyar zafi ya same mu. Tun hantsi kwanon rufi yake fara ƙara yana miƙewa, kafin azahar unguwarmu ta Nima a Accra gaba ɗaya ta yi laushi, har masu gardamar ƙwallo a bakin titi sun rage murya. Ran nan wajen la'asar ina zaune da kwamfuta a cinya aka ɗauke wuta. Fanka ta ɗan juya ta tsaya. Kwamfutar kuwa ko a jikinta, batirinta ya ci gaba da riƙe ta. Ni ce dai na samu kaina a tsaye tsakiyar ɗaki ina waige-waigen inda gammo yake. Kusan shekara ashirin ke nan, amma ƙafafuna ba su manta ba. Na koma na zauna ina yi wa kaina dariya, sai Mma, mahaifiyata, ta faɗo min a rai.

Wancan azumin ya zo ne a shekarar da ruwan madatsar Akosombo, mai ba ƙasar lantarki, ya ja baya, wuta ta koma ta rabo. Yau unguwarku, gobe ta wasu. Kullum da safe rediyo sai ya faɗi inda ruwan ya tsaya, tsofaffin masallacinmu da ba su taɓa ganin madatsar ba duk suka zama masana, suna fitowa daga sallar asuba suna musu a kan ko ya ƙaru ko ya ragu. Abin haushin shi ne ruwan sama bai ƙaurace mana ba. Lokacin ƙaramar damina ne, yana zuba a kan Accra ba ji ba gani, yana cika lunguna, yana shiga ɗakunan mutane. Can arewa inda kogin yake samun abin sha, nan ne ya yi rowa. Sai ka ga mutum tsamo-tsamo da ruwa, ya shiga ɗaki mai duhu yana addu'ar Allah ya kawo ruwa.

Mu biyu ne a ɗaki da falo, ni da Mma. Baaba ya rasu tun ina makaranta. Sana'ar Mma kayan sanyi ce: ƙanƙara, lamurji mai citta, da kenke, dafaffen ƙullun masara, da ake damawa da madara a sanyaya. Da firiza guda ta riƙe gidan, kuma watan azumi shi ne watan cinikinta, don da la'asar har layi ake yi a ƙofarmu. A shekarar nan firizar ta ci amanarta. Ta dama ta zuba, wuta ta tafi, kafin ta dawo komai ya yi tsami. Bayan ta zubar da kaya a kwata sau da dama, ta wanke firizar tas, ta bar murfin a buɗe don kar ta yi wari. Daga baya muka riƙa ajiye tukwane a ciki.

Saboda haka ido ya dawo kaina. Na gama makarantar koyon buga rubutu a Kokomlemle, hannuna yana da sauri, Turancina ba laifi, amma ofisoshin Accra cike suke da irina. Ana saura kwanaki kaɗan a kama azumi wani ɗan unguwarmu, Bra Sule, ya aiko a kira ni. Ya yi zaman Ingila ya dawo, ya buɗe wani ɗan ofis a Adabraka wanda in mutum uku suka shiga sai ɗaya ya riƙe numfashi. Aikinsa karɓo ayyuka daga kamfanonin waje ya raba wa mutane a nan. Wannan karon wani kamfani ne a Ingila da yake karɓar maganar da mutane suka naɗa, a mayar musu da ita rubutu. Da, wasu mata ne a can suke bugawa. Aka ga sun yi tsada, aka ce bari a gwada nesa. A lokacin ko sau ɗaya ban yi tunanin matan nan ba, murnata kawai nake yi.

Bra Sule ɗan Nima ne na asali, a bakinsa mace da namiji duk "ka" ne.

"Zenabu, ka ji ni da kyau," ya ce. "Gwaji ne, wata ɗaya. Akwai wasu a Indiya, su ma an ba su irinsa. Bayan Sallah kamfani zai zaɓi wuri guda. In mu ne, aikinka ya zauna, har in ɗauki wasu ka koya musu. Abu biyu kawai. Kar ka yi leti koraa, obroni bai san laitof ba. Kuma abin da ka ji, shi ka rubuta. Kar ka ƙara, kar ka rage."

Na ce yoo, na ji. Obroni dai Bature ne, laitof kuwa ɗauke wuta. Ya ara min tsohuwar kwamfuta, mai akwati daban da gilashi daban, gilashin nan mai ƙatuwar ƙeya, da wani abin takawa kamar na keken ɗinki da ake tsayar da magana da shi. A ofis ba wurin zama, ɗan janaretansa kuma na aika aiki ne kawai, man fetur ya yi tsada. Tsarin shi ne in je da sassafe in karɓo muryar a ɗan filash, in buga a gida, in mayar kafin a tashi ofis a Ingila, wato tun rana ba ta gama sanyi ba a nan.

Ranar farko wuta tana nan, na gama da wuri har na yi barci. Rana ta biyu na dawo daga Adabraka na tarar da laitof. Na zauna gaban gilashi baƙi ƙirin, gumi yana bin bayana, na fara lissafin yadda zan gaya wa Bra Sule. Mma ta leƙo ta dube ni, ta dubi kwamfutar.

"Wannan abin, an kafe shi a ƙasa ne?"

"A'a, Mma."

"To tashi. Hawa tana da wuta yau."

Anti Hawa ƙanwarta ce, tana aure a Maamobi, layin wutarsu ba ɗaya ba ne da namu. Mma ta jawo babban daron da take kai kaya kasuwa, ta shimfiɗa tsohon zane, muka kwantar da gilashin a ciki rub da ciki, ta zagaye shi da tsumma, ta rufe da leda. Ta naɗa gammo na ɗora mata. Ni na rungumi akwatin, wayoyi a wuya, abin takawa a jaka. Haka muka fita, tana gaba ina baya, mutanen lungu suna tambaya ko tashi muke yi.

Daga ranar nan bin wuta ya zama sana'armu. Mu yi sahur da sauran tuwon jiya da shayi, in fita bayan asuba tun trotro, motar haya, bai cika ba, in dawo da hantsi. In fitilar falo tana ci, alhamdu lillahi. In ba ta ci, Mma ta riga ta naɗa gammo tana jirana a ƙofa. Mu ratsa lungunan nan da ba sa ɗaukar mutum biyu a jere, mu sauka wajen babbar kwatar da ke tsakaninmu da Maamobi, mu hau gadar katako mai santsi. A kan gadar nan kullum idona yana kan daron, don kwamfutar ba tamu ba ce. Mma kuwa ko hannu ba ta sa wa daron, tafiya take tana amsa gaisuwa. Wata rana mu isa mu tarar su ma an ɗauke musu, duk da jadawalin da aka sanar, sai Anti Hawa ta fita tana bin maƙwabta har ta samo wani tela ko mai aski a wani layin da zai ara mana soket.

Sau ɗaya ruwa ya kama mu a tsakiyar hanya, irin mai zuwa da iska a karkace. Mma ta cire mayafinta ta ƙara a kan ledar, ni na tura akwatin cikin rigata na duƙa a kansa a ƙarƙashin rumfar wata mai gasa ayaba. Muka jiƙe sharkaf. Ga ƙishirwa ta bushe min maƙoshi, ga ruwa yana bin fuskata ina datse leɓe kar ya shiga. Ƙamshin ayabar nan a kan garwashi, har yau in na ji shi da azumi a bakina sai na ji sanyin rigar nan a jikina. Da muka isa muka jona, gilashin ya yi shiru, ya yi shiru, sannan ya kawo haske. Anti Hawa ta rangaɗa guɗa kamar an yi haihuwa.

Sa'o'in da suka fi wuya su ne tsakanin azahar da la'asar. Ɗakin Anti Hawa ƙaramar taga gare shi, bayan ruwa sai zafi mai ɗanko ya taso daga ƙasa. Yatsuna suna zamewa a kan maɓallai, idona yana ganin layi biyu-biyu. A tsakar gida an fara jajjage, ana kaɗa ƙullun ƙosai, hayaƙin gawayi yana shigowa. In na gama in ruga tashar trotro, in miƙa wa Bra Sule filash, ya tada janareta ya aika, in juyo. Galibi a hanya ake kiran magariba, wani a cikin motar ya miƙo dabino, wani ya tsaga ledar ruwa a zagaya. In iso gidan Anti Hawa in tarar an ajiye min koko da ƙosai da masa, ga kwanukan maƙwabta sun shigo, namu sun fita. Lamurji da ɗumi muka sha shi a shekarar nan. Wanda ya samu ƙanƙara ɗan dunƙule, sai ya fasa ya aika wa tsohuwar gidan da rabi.

Duk watan, murya ɗaya aka ba ni. Wani dattijo ne mai duba gidaje kafin a saya. Yana zagaya gida da 'yar na'urarsa a hannu yana faɗin abin da ya gani: nan bango ya tsage, nan katako ya ruɓe, nan danshi ya kama. Da farko na sha wuya, don yana haɗiye rabin kalma, kuma yana maganar abubuwan da ban taɓa gani ba, irin su bututun hayaƙi da ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Ƙamus na buɗe a gefe har na saba. Abin kunnena ya lalace a makon farko, na koma sifika, shi ke nan mutumin ya shigo gidan. Muna jin takunsa a kan tsakuwa, muna jin ƙarar tsani in ya jingina, da iska, da wasu tsuntsaye masu kuka kamar jarirai. In kare ya yi masa haushi sai ya tsaya ya lallashe shi. Kuma yana tari. Ba a yin nisa sai ya tsaya ya yi tari, ya ce a gafarce shi, alhali ba kowa a wurin. Anti Hawa ce ta raɗa masa suna Mai Tari.

Mma ba ta jin irin Turancinsa, amma ba ta da ciniki, sai ta jawo 'yar kujerarta kusa da ni da carbi a hannu. Lokaci-lokaci ta taɓa ni.

"Me ya ce?"

"Ya ce rufin yana yoyo, Mma."

"Ikon Allah. Ashe su ma yana yi musu."

Ta san ranar da ya tashi da nishaɗi, ta san ranar da ya gaji. In ya hau tsani sai ta daina jan carbi har ya sauka. Ni ina jin kalmomi, ita tana jin mutum. Ban taɓa zama da Mma haka ba tun ina ƙarama, don kullum tana kan ƙafa. Na ji daɗin zaman nan ƙwarai, ko da yake a lokacin na fi nuna mata tana katse min aiki.

Da aka shiga goman ƙarshe tarin ya sauya. Ya koma mai zurfi, daga ƙirji, in ya fara sai ya daɗe, ka ji yana neman numfashi. Wata rana a gidan Anti Hawa ya yi wani wanda har masu jajjage a waje suka tsaya. Mma ta ajiye carbi.

"Zenabu, kin gaishe shi kuwa?"

"Wa?"

"Wa kuma? Bawan Allahn nan."

"Mma, ba ya jina. Naɗa maganar ya yi."

"Abin da kike bugawa ba wurinsa yake komawa ba?"

"Wurinsa yake komawa."

"To? Mutum yana tari a ɗakinki kusan wata guda, kina cin abinci ta dalilinsa, ki kasa ce masa sannu? Wa ya rene ki?"

Na gaya mata dokar Bra Sule: kar a ƙara, kar a rage. Anti Hawa ta leƙo da ludayi a hannu.

"Sule ya ce kar ka ƙara a cikin aiki. Gaisuwa aiki ne? Sule ɗin da na sani yana yawo ba wando, shi zai hana gaisuwa?"

Da nan suka tsaya, da ban yi ba. Amma Mma ta gyara zama, ta sauke murya, ta yi min magana irin ta 'yar kasuwa da 'yar kasuwa.

"Ki saurare ni. Kin ce akwai wasu da kuke takara da su. Hannu gare su, hannu gare ki. Na'ura gare su, ke ta aro ce ma. Da me za ki fi su? Masu lamurji nawa ne a layinmu? Me ya sa ake wuce su a zo ƙofata? Nawa bai fi nasu zaƙi ba. Na san wanda matarsa ta haihu, na san wanda ƙafarsa ke ciwo. Mai saye in ya san kin san shi, ba ya barinki. Waɗancan na Indiya, sun ce masa sannu?"

Maganar ta shige ni. Har yau in na juya ta ban ga inda ta karkace ba, a kan duk cinikin da na sani a duniya. Da na gama rahoton ranar, na sauka ƙasa can, na bar fili, na buga gajeren saƙo. Na ce mai buga masa aiki ce, daga Nima a birnin Accra, ni da mahaifiyata muna yi masa sannu da jiki, Allah ya ba shi lafiya. Mma ta ce in ƙara da cewa ya dafa citta ya matsa lemun tsami ya sa zuma, safe da yamma. Anti Hawa ta ce in ce masa ya bar hawa rufi in ana ruwa. Duka na sa. Ranar na isa Adabraka a ƙurarren lokaci, man janareta ya kusa ƙarewa, Bra Sule ya duba shafin farko kawai ya aika.

Kwanaki suka wuce ba mu ji komai ba. Aiki yana zuwa, muna bin wuta, ba mu makara ko sau ɗaya ba. Aka ga wata. Ranar Sallah aka wayi gari da rana fes, kuma wuta ta wuni, kamar masu wutar ma sun san Sallah ce. Ba mu yi sabon ɗinki ba a shekarar, Mma ta fito da leshinta na ƙasan akwati muka goge. Muka ci waken Anti Hawa da shinkafa har muka kasa tashi. Duk wanda ya zo barka da Sallah sai Mma ta nuna masa kwamfutar a lulluɓe da zane ta ce 'yarta tana aiki da Ingila.

Bayan hutun Sallah na tafi Adabraka da sassafe kamar kullum. Na tarar da Bra Sule zaune ya haɗa kai da gwiwa. Bai amsa gaisuwata ba.

"Chale, Zenabu, me ka rubuta wa mutumin nan?"

Nan take na sha jinin jikina. Na gaya masa. Ya rufe fuska da tafin hannu, ya daɗe, sannan ya ba ni labari. Dattijon ya ga saƙon, ya ji daɗi ƙwarai. Don jin daɗin ne ya kira kamfanin a waya yana tambayar yadda zai gode wa matar nan ta Afirka. Kamfanin kuwa ya gaya wa masu ba shi aiki cewa a cikin ƙasar ake buga komai, ba ya fita ko'ina, tunda akwai adireshin gidajen mutane a ciki. Ashe a ɓoye muke. Bra Sule ya san da haka tun farko, bai dai ga dalilin gaya min ba. A ranar aka rufe gwajin Accra.

"Waɗancan sun fi ni sauri ne?" na tambaye shi.

"Ba su fi ka komai ba. Aikinka ya fi kyau paa, su da kansu sun faɗa. Shiru kawai waɗancan suka yi."

Ban ji kunya ba, haushi na ji, irin wanda ke sa kunne ya yi zafi. Wata guda muna ɗaukar kaya a ka da azumi don kar a ce mun makara, ashe ba ta nan za ta ɓullo ba. Na koma gida na gaya wa Mma a tsaye, ban ko tausasa ba. Ta saurara har na gama. Ta tashi ta shiga ɗaki. Can ta fito da mayafin zuwa unguwa, da goro a ƙulle cikin ganye.

"Mu je."

"Ina, Mma?"

"In yaro ya yi laifi a wurin aiki, babba ne yake zuwa ya ba da haƙuri. Balle ni na sa ki."

Haka ake yi a Zongo, wato unguwanni irin tamu, kuma yana aiki. Na ga Mma ta maido da ɗan maƙwabta wurin ubangidansa makanike, na ga ta sasanta mai haya da mai gida. Ba ta taɓa zuwa ba da haƙuri ta dawo hannu banza ba.

Bra Sule ya miƙe da ya gan ta, ya ba ta kujerarsa. Ta gaishe shi, ta tambayi mahaifiyarsa, ta tambayi yara, ta ajiye goron a kan tebur.

"Sule, ba wurinka na zo ba, na san ba kai ne mai abin ba. Ka haɗa ni da mai aikin. In waya ce ka buga, Zenabu ta fassara. Zan gaya masa yarinyar ba ta da laifi."

"Mma, ba mutum ba ne. Kamfani ne."

"Kamfanin ba shi da babba?"

"Yana da shi, amma ban san shi ba. Ban taɓa jin muryar kowa ba. Saƙo kawai suke aikowa."

Ya juyo mata da gilashin kwamfutarsa. 'Yan layuka ne, ba sunan kowa a ƙasa. Mma ta matso da fuska ta dube su, ita da ba ta karanta boko.

"To wa ya rubuta wannan?"

"Wallahi Mma ban sani ba. Na mayar da amsa, ba su kula ni ba."

"Shi dattijon fa? Shi ya san mu."

"Shi ma mai kawo aiki ne kawai. Ba ya ɗauka, ba ya kora. Lambarsa ma ba ni da ita."

Mma ta janye fuska daga gilashin. Ban taɓa ganin ta rasa abin faɗa a gaban mutum ba sai ranar. Bra Sule ya rasa inda zai sa kansa, sai ya ce akwai murya ta ƙarshe da ta shigo kafin a rufe, ba wanda zai buga ta yanzu, amma ya kamata mu ji farkonta. Ya kunna. Muka ji takun nan a kan tsakuwa, da iska. Sannan dattijon ya gyara murya, na riƙa fassara wa Mma.

Ya ce kafin ya fara, yana da saƙo ga wadda take buga masa aiki da mahaifiyarta. Ya ce shekara da shekaru yana magana cikin abin nan, bai taɓa kawowa a ransa akwai mai jin tarinsa ba. Ya sha cittar da zuman, matarsa tana ta yi masa dariya, kuma ya je asibiti an ba shi magani. Hawa rufi kuwa sai dai mu yi haƙuri, da shi yake ci. Ya ce ya gode, ya sake cewa ya gode. Daga nan ya ɗan yi tari, ya shiga bayanin wani gida mai tsagaggen bango.

"Ya ragu," Mma ta ce. "Ya bar ƙirjin." Ta miƙe, ta ce wa Bra Sule ya kai wa mahaifiyarsa goron, ta ce gobe za mu dawo masa da kwamfutarsa.

Muka shiga trotro ni da Mma, muka wuce Kokomlemle. Tana kallon waje ta taga, hannayenta a cinya.

"Zenabu."

"Na'am, Mma."

"Tun ba a haife ki ba nake ciniki. Amma wannan kasuwar taku ban san ta ba. Kasuwar da ba a ganin mai saye, ba a sanin ƙofar gidansa. Ki je ki koye ta wurin waɗanda suka sani. Tawa kuma kar ki ƙara ɗauka."

"Haba Mma."

"Na gama magana."

Na koya ɗin. Wuta ta daidaita daga baya, firizar ta koma aiki, ni kuma na bi aikin nan duk inda ya juya. Da buga murya ya yi arha na koma cike bayanai, da wannan ya tafi wata ƙasar na koyi rubuta tallan kayan da ban taɓa riƙewa ba, ga mutanen da ban san sunansu ba. Yanzu na'ura ce take jin magana ta rubuta da kanta, ni ina bin bayanta ina gyara inda ta yi shirme. Muryoyin ma a gutsure suke zuwa, kafin ka gane mace ce ko namiji an wuce zuwa wani. Ba na ƙarawa, ba na ragewa, ana yabona da hakan, kuma da shi na biya wa yarana makaranta. Ban san shekara nawa suka rage kafin na'urar ta daina buƙatar mai gyara ba, shi ya sa ko yanzu akwai abin da nake koya da yamma.

Zafin rasa aikin nan ya daɗe da barina. Wanda bai bar ni ba shi ne na Mma. Ta cika maganarta har ta koma ga Allah. Da na samu wani aikin muryar bayan 'yan watanni, na kunna sifika da gangan, na jawo mata kujerarta kusa da ni. Ta zo ta ɗauke ta, ta fita da ita tsakar gida. Na sha rage sauti in ɗaga murya in ce, "Mma, zo ki ji wannan, wata tsohuwa ce mai ban dariya." Sai in jiyo ta daga waje, cikin murya mai daɗi, ba fushi ba komai:

"Yi aikinki, Zenabu."